Alkawarin da ba shi da mai gadi: tarihin tsarin jami'o'in Kalifoniya na 1960

Shekarar 1960 mu a nan ta ƴancin kai ce. A can yammacin Amurka kuwa, a jahar Kalifoniya, shekara ce da aka zauna aka yi wani lissafi wanda har gobe masu nazarin harkar ilimi ke komawa kansa. Tambayar da suka sa a gaba ba ta da wuyar faɗi: yaran da aka riga aka haifa, waɗanda ke zaune a firamare da sakandare, idan sun gama nan da shekara goma ko goma sha biyar, ina za a zaunar da su, wa zai karantar da su, wa kuma zai biya? Amsar da suka rubuta ita ce takardar da ake kira Babban Tsarin Ilimi Mai Zurfi na Kalifoniya, mai wa'adi daga 1960 zuwa 1975. Na ga ya dace in kawo muku tarihinta, ƴan uwana malamai da uwaye, saboda wani abu guda da na lura da shi. Alkawuran da ke cikin takardar ba su tsufa tare ba. Waɗanda suka kare martabar manyan makarantu suna nan daram bayan shekaru fiye da sittin, waɗanda suka shafi aljihun uwaye kuwa su suka fara zubewa.

Kafin mu yi nisa, a gyara fahimtar kalmomi biyu. A Amurka gwamnatin tarayya ba ita ke riƙe da jami'o'in gwamnati ba. Kowace jaha ita ke gina nata, ta biya malamansu, ta kafa musu doka, saboda haka a wannan fanni jaha kamar ƙasa guda take. Sannan idan na ce kwaleji, kada hankalinku ya tafi ga CEG ɗinmu. A wurinsu kwaleji makaranta ce ta bayan sakandare, wadda ake shiga bayan abin da mu za mu kira BAC.

Gidaje uku ne ke ba da ilimi mai zurfi na gwamnati a Kalifoniya kafin 1960, kuma ba a taɓa zama aka raba musu aiki sosai ba. Babban gida shi ne Jami'ar Kalifoniya, wadda aka kafa a 1868, mai cibiya a garin Berkeley. Kundin tsarin mulkin jahar na 1879 ya ba ta wani ƴanci da ba kowace jami'a ke da shi ba: majalisar amintattunta ke gudanar da ita, ƴan siyasa ba su da ikon tsoma mata baki sai ta hanyar kasafin kuɗi. Gida na biyu shi ne kwalejojin jaha, kuma malamai su saurara, don tarihinmu ne. Asalinsu makarantun horon malamai ne, irin waɗanda mu ma muka gada da sunan ekol normal, don daga Faransa Amurkawa suka aro sunan. Ta farko ta zama ta gwamnati a 1862, daga baya ta koma garin San Jose. A 1921 aka mai da su kwalejojin malamai, a 1935 kuma aka cire kalmar malamai daga sunansu suka zama kwalejojin jaha, suna koyar da fannoni iri-iri. Gida na uku shi ne ƙananan kwalejoji na shekara biyu. Wata doka ta 1907 ce ta ba makarantun sakandare damar ƙara azuzuwa a sama, garin Fresno ya fara a 1910, sauran garuruwa suka bi. Waɗannan na gari ne, da harajin gidaje da filaye na mutanen garin ake riƙe su.

Sai jama'a ta yi ambaliya. A 1940 mutanen Kalifoniya ba su kai miliyan 7 ba, a 1950 sun wuce miliyan 10 da rabi, a 1960 sun doshi miliyan 16. Sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu sun cika azuzuwa, saboda dokar 1944 da ta ɗauke musu kuɗin karatu, sannan suka yi aure suka haihu da yawa. Waɗannan jariran na bayan yaƙi za su fara kai shekara 18 a wajejen 1964. Ba duba aka yi ba, rajistar haihuwa da ta firamare aka buɗe aka ƙirga. Masu lissafi suka ce ɗaliban da ke karatu cikakken lokaci za su tashi daga wajen 225,000 a 1958 zuwa wajen 660,000 a 1975, kusan ninki uku ke nan. Ga kuma Rasha ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka duk ta ruɗe da maganar an bar ta a baya a kimiyya.

Inda akwai yunwar makaranta, ɗan siyasa ba ya rasa abin kai wa mazaɓarsa. Kowane ɗan majalisa yana so a ce shi ya kawo wa garinsu kwaleji. A 1957 majalisa ta amince da sabuwar kwalejin jaha a yankin Stanislaus, aka kafa ta a Turlock, wani ƙaramin gari na manoma da aka fi sani da kiwon talo-talo. Da aka buɗe ta a 1960, a filin baje kolin amfanin gona aka fara karatu, har mutane suka yi mata laƙabi da makarantar talo-talo. Yau makaranta ce mai mutunci da ta yi wa ƴaƴan manoman yankin amfani ƙwarai, amma a lokacin ita ce misalin da ake bugawa na yadda ƙarfin ɗan majalisa ke zaɓar wa makaranta mazauni. A zaman majalisar 1959 kaɗai an gabatar da ƙudurorin doka fiye da 20 da suka shafi buɗe sababbin makarantu ko sake fasalin waɗanda ke akwai. Kwalejojin jaha kuma, da suka ga sun yi ƙiba, sai suka fara neman a ba su izinin ba da digirin doktora, da kuɗin bincike, da sunan jami'a.

Wannan ja-in-ja ba baƙo ba ne a kunnenmu. Mu ma mun yi shekaru kusan arba'in da jami'ar ƙasa guda a Yamai, wadda ta fara a 1971, sai a 2010 aka kafa na Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi, kowace jaha ta samu tata. Tambayar wace ce za ta yi me, da ina malamai masu doktora za su fito, duk ƙasar da ta ninka jami'o'inta cikin ɗan lokaci sai ta gamu da ita. Abin da ya bambanta Kalifoniya shi ne yadda ta amsa.

Wata mata ce ta taka birki. Dorothy Donahoe, ƴar majalisa daga garin Bakersfield, shugabar kwamitin ilimi, ita ta kawo ƙudurin da ya ce makarantun su je su zauna su kawo tsari guda cikin ƴan watanni, majalisa kuma ta dakata da ƙirƙiro sababbi kafin nan. Ma'anar a fili take: ko ku sasanta kanku, ko mu ƴan siyasa mu yanka muku yadda muka ga dama. An taɓa rubuta rahotanni kan wannan matsala a 1948 da 1955, sun sha ƙura a kan kanta. Wannan karon akwai wa'adi, akwai kuma bulala a bayansa.

Mutumin da ya fi kowa jin tsoron bulalar shi ne Clark Kerr, wanda ya zama shugaban Jami'ar Kalifoniya a 1958. Masanin tattalin arziki ne, kuma kafin ya hau wannan kujera ya yi suna wajen sasanta ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni. Duk wanda ya taɓa zama a teburin sasanci tsakanin sandika da gwamnati zai gane salon aikinsa: ka san abin da ba za ka taɓa saki ba, sannan ka nemo abin da abokin gardamarka ke so wanda kai ba zai rage ka da komai ba. Aka kafa kwamiti, aka ɗora masa shugaba daga waje, Arthur Coons, shugaban wata kwaleji mai zaman kanta, don kada a ce alƙali ɗan gida ne. Dean McHenry ya wakilci jami'a, Glenn Dumke, shugaban kwalejin jaha ta San Francisco, ya wakilci kwalejojin jaha. Shi kansa Kerr daga baya ya sha bayyana takardar a matsayin yarjejeniyar sulhu tsakanin masu rikici, wadda aka ƙulla cikin gaggawa kafin ruwa ya ci gari.

Ga yadda aka raba gadon. Jami'ar Kalifoniya ta riƙe bincike da digirin doktora, da karatun likita, da na haƙori, da na likitan dabbobi, da na lauya. Kwalejojin jaha za su tsaya a lisans da mastar da horon malamai. Doktora ba za su ba da ita su kaɗai ba, sai dai da haɗin gwiwar jami'a, wanda shi ne ɗan abin da Kerr ya miƙa a ƙarshe don a samu a tashi daga teburin. A madadin haka suka samu abin da suka daɗe suna nema, wato a fitar da su daga ƙarƙashin hukumar da ke kula da firamare da sakandare, a ba su majalisar amintattu tasu ta kansu. Malamansu da yawa ba su ji daɗi ba, sun ga an sayar da su, an bar su da azuzuwa masu yawa da ƙaramin suna. Dumke ya zama shugabansu baki ɗaya a 1962, ya yi shekara ashirin a kujerar.

Sai maganar ƙofa, wadda ita ta fi shafar uwaye. Jami'a za ta ɗauki ɗalibanta daga cikin kashi ɗaya bisa takwas na sama na waɗanda suka gama sakandare a jahar, wato 12.5 cikin ɗari. Kwalejojin jaha za su ɗauka daga kashi ɗaya bisa uku na sama. Kwalejojin shekara biyu kuwa ƙofarsu a buɗe take ga duk wanda ya gama sakandare, da ma duk baligin da zai iya amfana da karatun. A lura da kyau, don a nan mutane da yawa ke kuskuren fahimtar tarihin: tsarin bai faɗaɗa ƙofar manyan makarantun ba, ƙuntata ta ya yi. Da can jami'a na ɗauka daga wajen kashi 15 cikin ɗari, ƙofar kwalejojin jaha kuma ta fi kashi ɗaya bisa uku faɗi nesa ba kusa ba. Da gangan aka shirya karkatar da ɗalibai wajen 50,000 zuwa kwalejojin shekara biyu kafin 1975, saboda karatu a can ya fi araha ga baitulmalin jaha, yaro yana kwana gidan ubansa, kuma garin ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin.

Me aka ba uwaye don su yarda da wannan? Abu uku. Na farko, duk yaron da ke son karatu zai samu kujera a wani wuri. Na biyu, gada: wanda ya yi shekara biyu a ƙaramar kwaleji ya ci da kyau, zai haye zuwa shekara ta uku a kwalejin jaha ko a jami'a, kuma don a tabbatar akwai wurin saukarsa aka ce manyan makarantun su rage ƴan shekarar farko da ta biyu zuwa kashi 40 cikin ɗari, su bar kashi 60 ga na sama. Na uku, ɗan jaha ba zai biya kuɗin koyarwa ba, sai ɗan abin da ya shafi asibitin makaranta da wasanni da makamantansu. Akwai wani sharaɗi kuma da ni a ganina ya fi duk sauran hikima, ko da yake ba a cika ambatonsa ba: ban da waɗanda aka riga aka amince da su, ba za a gina sabuwar babbar makaranta a wani yanki ba sai an tabbatar yankin yana da isassun kwalejoji na shekara biyu. Wato a fara da tushe kafin a ɗora soro. Wannan sharaɗi shi ya ɗaure hannun ɗan majalisa mai neman abin nunawa.

Majalisun gudanarwar ɓangarorin biyu sun amince a watan Disamba na 1959. Masu tsarin sun so a shigar da ginshiƙansa cikin kundin tsarin mulkin jaha, majalisa ta ƙi, don ba ta son ta sake haifar wata hukuma da ta fi ƙarfinta. Aka yi doka ta yau da kullum. Dorothy Donahoe ta rasu a farkon watan Afrilu na 1960, kafin a kammala, sai aka sa wa dokar sunanta, gwamna Pat Brown ya sa hannu a ƙarshen watan. A watan Oktoba mujallar Time ta buga hoton Kerr a bangonta.

A nan ne nake so mu ɗan daɗe. Dokar ta ɗauki rabon aiki, wato wa ke ba da wane digiri, ta ɗauki sabuwar majalisar kwalejojin jaha, ta kafa wata hukumar daidaitawa mai ba da shawara kawai. Amma maganar karatu ba kuɗin koyarwa ba ta shiga dokar ba, kuma ba a ware wani haraji ko wani kaso na kasafi da aka ce wannan na riƙe alkawarin ne ba. Kashi ɗaya bisa takwas da ɗaya bisa uku su ma ba su shiga ba, amma sun rayu har yau. Dalili kuwa, suna da masu gadi. Jami'a na da amintattu, da shugabanni, da tsofaffin ɗalibai masu faɗa a ji, kuma ƙuntatar ƙofa ba ta cin ko dala, ƙara wa makaranta kwarjini ma take yi. Alkawarin kujera ga kowa da na karatu kyauta kuwa sai an sake sayensu kowace shekara a cikin kasafin kuɗi, kuma waɗanda za su ci moriyarsu yara ne da ba su isa jefa ƙuri'a ba, da uwayen da ba su da kujera a teburin.

Shekarun farko dai abin ya yi kyau matuƙa, kada a rage masa. Jami'a ta buɗe sababbin rassa a San Diego da Irvine da Santa Cruz, biyun ƙarshe a 1965. Kwalejojin jaha sun ƙaru, na shekara biyu sun bazu har ya zama da wuya a samu babban gari da ba shi da ita a kusa. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 waɗannan ƙananan kaɗai suna da mutum fiye da miliyan ɗaya, in aka haɗa da ma'aikata masu zuwa karatun yamma. Ɗan leburan gona da ya makara bai yi ƙoƙari a sakandare ba yana iya farfaɗowa a kwalejin garinsu ya ƙare da digirin Berkeley. Har yanzu wajen rabin masu samun lisans a tsofaffin kwalejojin jaha, da kusan kashi ɗaya bisa uku na masu samu a jami'a, ta wannan gada suka bi. Jahohi da ƙasashe da dama sun aiko mutane su ga yadda aka yi.

Amma tun a shekarar da aka sa hannu wani masanin zamantakewa, Burton Clark, ya buga binciken da ya yi a kwalejin shekara biyu ta San Jose. Ya nuna cewa ɗalibai da yawa na shiga da niyyar hayewa, sai makarantar ta riƙa sanyaya musu gwiwa sannu a hankali, da jarrabawar gwaji, da azuzuwan cike giɓi, da shawarar mai ba da shawara, har yaro ya sauke burinsa da kansa ba tare da an taɓa ce masa a'a ba. Duk malamin da ya taɓa zama a kwamitin karkata ɗalibai ya san irin wannan magana mai laushi. Shekaru sittin bayan haka, ƙididdiga na nuna cewa cikin masu niyyar hayewa wajen ɗaya cikin biyar ne ke samun hayewa a cikin shekara huɗu. Darasin da yaro ya ci a nan sai a ƙi lissafa masa shi a can, kowane reshe da nasa sharuɗɗan. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Sai a 2010 aka yi dokar da ta ƙirƙiro wata takardar shekara biyu ta musamman mai tabbatar wa mai ita wuri a jami'o'in jaha. Shekara hamsin ke nan tsakanin alkawarin gada da zuba mata kankare.

Siyasa kuma ta juya da wuri. A 1964 ɗaliban Berkeley suka yi boren neman ƴancin yin siyasa a harabar makaranta. Ronald Reagan ya yi yaƙin neman gwamna a 1966 da alkawarin zai share abin da ya kira ɓarnar Berkeley, ya ci, kuma a ranar 20 ga Janairu 1967, makonni kaɗan da hawansa, amintattun jami'a suka sallami Kerr da ƙuri'a 14 a kan 8. Reagan ya nemi a fara biyan kuɗin koyarwa. Ba a ba shi kalmar ba, amma a 1970 aka shigo da wani abu da aka kira kuɗin ilimi. An daɗe ana wannan wasan suna, ana ƙara kuɗi ana rantsuwa ba na koyarwa ba ne.

Babban bugu ya zo daga masu jefa ƙuri'a da kansu. A watan Yuni na 1978 aka yi zaɓen raba gardama kan ƙuduri mai lamba 13, kusan kashi biyu bisa uku suka amince. Ya ƙayyade harajin gidaje da filaye a kashi 1 cikin ɗari na darajarsu, ya kuma ce ba za a ƙara harajin jaha ba sai da yardar kashi biyu bisa uku na majalisa. Ba zan zargi tsohuwar da harajin gidanta ya kusa korarta daga cikinsa ba, tana da hujjarta. Sai dai kuɗin da ke shigowa ta wannan hanya ya faɗi da fiye da rabi, kuma ku tuna da wane haraji ake riƙe kwalejojin shekara biyu. Gidan da aka tura mafi yawan ƴaƴan talakawa shi aka janye wa tabarma. Jaha ta karɓi nauyinsu, suka shiga layi ɗaya da asibitoci da gidajen kaso. A 1984 aka fara karɓar kuɗi a cikinsu, dala 5 a kan kowane ma'aunin darasi. Daga 2012 ya zama dala 46. Daga shekarun 1980 zuwa 2005 jahar ta gina sababbin gidajen kaso fiye da 20, Jami'ar Kalifoniya kuwa reshe guda ta ƙara tun bayan 1965, na Merced, wanda aka buɗe a 2005.

Da tattalin arziki ya karye a 2008 sai abin ya fito fili. A shekarar karatu ta 2011 zuwa 2012 ɗan jaha na biyan dala 12,192 a jami'a, kusan miliyan shida na CFA a canjin lokacin, kuma a karon farko abin da ɗalibai ke biya ya zarce abin da jaha ke ba jami'ar. Gaskiya ne akwai tallafi mai ƙarfi, fiye da rabin ɗaliban jami'ar ƴan jaha ba sa biyan kuɗin koyarwa daga aljihunsu saboda bursi, sai dai haya da abinci a Kalifoniya su kansu wani dutse ne. A ƙananan kwalejoji ba a rufe ƙofa ba, don doka ta ce a buɗe take. Azuzuwa aka soke. Yaro ya yi rajista, ya zo ya tarar darasin lissafin da yake buƙata ya cika, ya jira baɗi. Cikin shekara huɗu ɗalibansu suka ragu da wajen rabin miliyan, ba tare da an kori ko mutum ɗaya ba.

Yaran ma ba su ne na 1960 ba. Lokacin da aka rubuta tsarin galibin ƴan makarantar jahar farar fata ne, kwamitin da ya rubuta shi kuma maza ne zalla. Yau fiye da rabin yaran firamare da sakandare ƴaƴan masu asali daga Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka ne, kuma mafi yawan waɗanda suka ci gaba da karatu a cikinsu ta ƙananan kwalejoji suke farawa. Wani tsohon shugaban jami'ar, Richard Atkinson, da abokin aikinsa sun nuna a 2010 cewa Kalifoniya na can ƙarshen jerin jahohi wajen yawan ɗaliban da ke cikin makarantun shekara huɗu. Kason da aka yanka don tsimin kuɗi a 1959 ya zama rufin da ya hana jahar samar da masu lisans gwargwadon buƙatarta.

Katangar da ke tsakanin gidajen uku kuwa da ƙyar take motsi. Kwalejojin jaha sun samu kalmar jami'a a sunansu a 1972, amma sai a 2005 aka yarda su ba da doktora su kaɗai, ita ma a fannin shugabancin makarantu, daga baya aka ƙara ƴan fannonin kiwon lafiya. A 2014 aka bar kwalejojin shekara biyu guda 15 su gwada ba da lisans, da sharaɗin kada su taɓa fannin da manyan ke koyarwa. Abin dariya, su waɗanda suka yi kukan an danne su a 1959, su ne ke tsaye yanzu suna hana na ƙasa da su hawowa.

Saura hukumar daidaitawa, wadda ita ce ya kamata ta riƙa buɗe rajistar haihuwa tana ƙirgawa a madadin kowa. Tun farko an haife ta ba haƙora, don Kerr da takwarorinsa ba su so a ɗora musu shugaba. A 1974 aka maye gurbinta da wata, ita ma mai ba da shawara. A 2011 gwamna ya soke kasafinta, wanda bai kai dala miliyan biyu ba, ya ce ba ta da tasiri, aka rufe ofishin. Gwamnan shi ne Jerry Brown, ɗan Pat Brown da ya sa hannu a dokar 1960. Aka shafe fiye da shekara goma jahar da ta koya wa sauran jahohi tsara ilimi mai zurfi ba ta da hukumar da ke wannan aiki, alhali wasu sun yi gaba da nasu salon: Tennessee ta sa burin kashi 55 cikin ɗari na manyanta su mallaki takardar bayan sakandare, Texas ta sa kashi 60 na matasanta kafin 2030. A 2022 gwamna Gavin Newsom ya sa wa Kalifoniya nata, kashi 70 cikin ɗari na masu shekarun aiki kafin 2030, ya kuma ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da manyan jami'o'in biyu: su ƙara ɗaukar ƴan jaha, shi kuma ya ƙara musu kashi 5 cikin ɗari kowace shekara. Ba a yi nisa ba kasafin jahar ya samu giɓi, aka fara ɗage biyan wani ɓangare na ƙarin zuwa shekarun gaba.